Yadda ake zaɓa wa ƙaramin Oska tanki da abokan zama

Oska shi ne kifin da ya fi saurin raba mutum da kuɗinsa a shagon masu kifin ado, don kana tsayawa gaban gilashi shi ma zai taso ya tsaya yana kallonka yana kaɗa jiki, ga shi ɗan mitsitsi bai wuce santimita 5 ba. Ɗan gidan su karfasa ne, dangin da ake kira siklid, sai dai shi asalinsa kogin Amazon ne can Kudancin Amurka, wajajen Barazil da Feru da Kolombiya, sunansa na kimiyya Astronotus ocellatus. Abin da da yawan masu shago ba za su gaya maka ba shi ne in yana samun abinci da ruwa mai kyau yana ƙara wajen santimita 2 zuwa 2 da rabi duk wata, kafin shekara ta zagayo ya doshi 25, in ya gama girma kuma 30 zuwa 35, ga shi da kauri, kuma zai iya yin shekara 10 zuwa 15 a hannunka. Don haka duk lissafin da za mu yi a nan na babban kifin ne da zai zama baɗi, ba ɗan wanda ka shigo da shi gida a leda ba.

Kayan da za ka tanada

Tef na awo, irin na tela ma ya isa. Tankin gilashi da murfinsa, murfin kuma ya zama mai nauyi don Oska yana tsalle musamman lokacin cin abinci. Teburin ƙarfe ko na katako mai ƙwari da soso ko farin kumfan nan da ake saka wa firji a kwali, za a shimfiɗa ƙarƙashin tankin. Filta babba, wato na'urar tace ruwan tanki, da filtar soso guda ɗaya ko biyu masu aiki da famfon iska. Famfon iska mai batir ko mai caji, wannan kam a ƙasar nan ba zaɓi ba ne dole ne. Hita da abin auna zafin ruwa. Maganin kashe kulorin in ruwan famfo kake amfani da shi. Kayan gwajin ruwa na amoniya da naitirait da naitiret, sinadaran da ƙazantar kifi ke haifarwa a ruwa, na ɗigawa ya fi na takarda gaskiya. Tiyo na zuƙo ƙazanta, bokiti biyu da ba su taɓa ganin omo ba, koma mai faɗi, yashi ko tsakuwa mai santsi, manyan duwatsu, tukwanen ƙasa ko guntayen bututun roba. Sai ƙaramin tanki ko babbar robar wanka ta killace sabon kifi, da ragar roba da za ka iya raba tanki biyu da ita in rigima ta tashi.

In ba ka da halin tankin gilashi babba, tankin nan mai lita 1000 da masu kiwon tarwaɗa suke yanke samansa yana aiki sarai, in dai ka tabbatar ba sinadari aka zuba a ciki ba a da. Ba za ka riƙa ganin kifin ta gefe ba sai ta sama, amma shi kifin wallahi ya fi jin daɗi a nan kan a matse shi a ƙaramin gilashi.

Mataki na 1: auna wuri ka fitar da lita

Kafin ka je wajen mai gilashi ka auna inda za ka ajiye tankin. Lissafin lita ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, sai ka raba da 1000. Misali 120 sau 45 sau 50 ya ba ka lita 270. Amma ka cire wajen kashi 10 cikin 100 saboda yashi da duwatsu da kuma cewa ba a cika tanki har baki, kenan ruwan gaske wajen lita 240 ne.

Tsawo da faɗi sun fi zurfi muhimmanci. Tankunan nan dogaye sirara da ake tsayarwa a kusurwar falo suna da kyau a ido amma ba na Oska ba ne, kifi gaba yake iyo ba sama ba, kuma iskar da ke shiga ruwa ta saman ruwan take shiga, to iya faɗin saman iya iskar. Faɗin kada ya gaza santimita 45, kifi mai tsawon 33 ba zai juya cikin daɗi a tanki mai faɗin 30 ba. Gilashin tanki mai tsawon 120 ya zama milimita 10, mai tsawon 180 kuma 12 tare da sanduna na gilashi a sama da za su riƙe shi, kuma ka ce wa mai haɗawar ya yi amfani da silikon na akwariyom, wato na tankin kifi, wanda ake sa wa bayi yana da maganin fumfuna a ciki kuma yana kashe kifi. Ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 270 in ka haɗa da gilashi da yashi ya kai nauyin buhun siminti bakwai, ba teburin talabijin za ka ɗora wa wannan ba. Kada ka ajiye shi inda rana take bugawa kai tsaye.

Mataki na 2: yanke shawarar kifi nawa

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa, mutum ya sayi tanki tukuna sannan ya fara tunanin me zai zuba. Ga yadda nake lissafawa:

Oska ɗaya shi kaɗai: lita 270 zuwa 300, wato 120 da 45 da 50 ko sama. Za ka ji wasu na cewa lita 200 ta isa, zai rayu ɗin amma kai ne za ka wahala da canjin ruwa.

Oska ɗaya da abokan zama kaɗan, ko Oska biyu da suka jitu: lita 450, kamar 150 da 50 da 60.

Oska biyu da abokan zama: lita 650, wato 180 da 60 da 60.

Uku kuwa mugun adadi ne, biyu za su haɗa kai su takura wa na ukun har ya mutu. Kuma ko biyun ma ba tabbas, don ba a gane namiji da mace ta ido, in ka yi rashin sa'a maza biyu ka ɗauko to daga sun kai wajen shekara za a fara kokawa.

Maganar da ake yawan yi wai kifi yana girma ne daidai da tankinsa, kada ka ɗauka. Abin da ke faruwa shi ne ƙazantar ruwa da takura suke tsumburar da shi, ya ƙi girma ya yi ta ciwo ya mutu da wuri. In yanzu tankin lita 100 gare ka ba laifi ka fara rainonsa a ciki shi kaɗai, amma wata uku ko huɗu ne kawai, da ya kai santimita 12 sai ƙaura. In ka san a ranka babu kuɗin babban tanki nan da wata huɗu, gara ka haƙura da Oska ka nemi ƙaramin siklid kamar kiribensis, wanda ma asalinsa ruwayen kudancin Najeriya ne da Kamaru, bai wuce santimita 10 ba, mace da namiji suna zama lafiya a lita 80 zuwa 100.

Sannan ka yi lissafin ruwa tun yanzu. Tankin lita 450 yana buƙatar a canza wajen lita 150 duk sati, jarka shida kenan mai lita 25. In daga hannun 'yan garuwa kake saye ka buga kuɗin a wata ka gani ko za ka iya.

Mataki na 3: kunna filta ka bar tankin ya nuna

Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin soson filta, su ne suke mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan su mayar da ita naitiret wadda ke da sauƙi kuma canjin ruwa ne ke fitar da ita. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyin, yana ɗaukar sati huɗu zuwa shida kafin su taru. Ka cika ruwa, ka kunna filta, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum ba kifi a ciki, kana gwadawa har ka ga amoniya sifili naitirait sifili. Hanya mafi sauri ita ce ka roƙi wani mai tsohon tanki lafiyayye ya ba ka guntun soson filtarsa a jiƙe ka saka a taka.

Filtar ta zama tana juya ruwan tankin aƙalla sau biyar a awa, tankin lita 270 kenan ka nemi mai lita 1500 a awa, don Oska rabin abin da ya tauna ta kunnuwansa yake fesowa. Ba a wanke soson filta da ruwan famfo, da ruwan da ka cire daga tanki ake matse shi. In an ɗauke wuta ka kunna famfon batir ka jona shi da filtar soso, in kuma wutar ta yi awanni da yawa ba ta dawo ba, ruwan da ya kwana cikin rufaffiyar filta ka zubar da shi kafin ka kunna, kada ya koma cikin tanki. Zafin ruwa digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Selshiyos. Lokacin hunturu ruwa yana faɗuwa ƙasa da haka da dare, shi ne amfanin hita, ka ɓoye ta bayan raga ko cikin bututu mai huji don babban Oska yana iya fasa ta. A bazara kuma matsalar akasin haka ce, in ruwa ya haura 30 iska tana raguwa a cikinsa, sai ka ƙara kumfar iska ka sa fanka ta riƙa hura saman ruwan ka rage abinci.

Mataki na 4: zaɓen abokan zama

Tambayar farko, dole ne? Oska ba ya kaɗaici, shi kaɗai a tanki ya fi sabawa da mai shi har ya riƙa karɓar abinci a hannu. In tankinka bai kai lita 450 ba ka tsallake wannan matakin gaba ɗaya, ni a wajena babu kifin da zan ce ka ƙara a lita 270.

In kuma tankinka ya kai, abu huɗu ake dubawa. Na ɗaya baki: duk abin da zai shiga bakin Oska abinci ne, kuma da bakin wata shida masu zuwa za ka auna ba na yau ba, tunda ya fi kusan kowane abokin zama saurin girma. Na biyu hali: Oska duk girmansa ba shi ne gwanin faɗa ba, akwai siklid da ba su kai shi ba amma su hana shi sakat. Na uku ruwa da abinci su zo ɗaya. Na huɗu kowa da inda yake zama, wani ƙasa wani tsakiya, kada kowa ya zama mai neman kogo ɗaya.

Silba dola su na fi ba wa sabon shiga shawara. 'Yan Kudancin Amurka ne su ma, suna kai santimita 15, jikinsu faffaɗa ne zagayayye ba ya haɗiyuwa, ga gudu. Amma a garke suke rayuwa, biyar ko shida za ka sa, guda ɗaya ko biyu firgita za su yi ta yi suna buga gilashi. Ka saye su sun ɗan tasa, tsawonsu kusan ɗaya da na Oskan. Suna cinye duk wani tsiro mai rai, ko da yake Oska ma tumɓuke shi zai yi dama.

Seberom siklid ne mai sanyin hali, yana kai santimita 20, guda ɗaya ya isa. Fayamaut mai jan maƙogwaro ɗan Amurka ta Tsakiya yana kai 15, kurari ya fi yi kan cizo, shi ma yana yiwuwa in ya riga Oska girma kuma yana da kogon da zai shige.

Ƙurungu namu na gida yana daga cikin masu kyau a ƙasan tanki, akwai nau'in Synodontis eupterus mai doguwar tutar baya da ake samu a kogin Neja da yankin tafkin Chadi da Bolta, yana kai wajen santimita 20 ko fiye. Sharaɗin shi ne ya zama babba tun farko. Duk wanda ya taɓa kama ƙurungu ya san yadda yake ƙame ƙayoyinsa, to in Oska ya yi ƙoƙarin haɗiye ƙarami maƙalewa zai yi a wuya, sau da yawa duka biyun ake rasawa. Saboda wannan dalilin ne ma ƙananan koridoras, masu ƙaya irin ta ƙurungu, ba sa shiga tankin Oska sam. Akwai kuma Polypterus senegalus, dogon nan mai jerin ƙayoyi a baya da ke hawowa sama ya shaƙi iska, shi ma a ruwayenmu yake, yana kai kusan 30, ba ruwansa da kowa, amma ko ɗan rami ya samu a murfi zai fita.

Fileko, kifin nan mai manne wa gilashi da baki, wanda masu shago suke ce maka ai shi ne mai share tanki. Ba ya cin kashi, nasa kashin ma ya fi na kowa yawa, irin wanda aka fi sayarwa yana kai santimita 45, kuma in yunwa ta kama shi yana manne wa jikin wasu kifaye da dare yana tsotsar yauƙinsu, musamman wancan dogon Polypterus. In za ka sa shi sai a lita 650, da guntun icce da kokwamba ko kabewa da za ka riƙa nutsar masa.

Waɗanda ba a haɗawa: gofi da moli da tetira da duk ƙananan nan, abincin dare ne. Golfish ruwan sanyi yake so wajen 18 zuwa 22, ga ƙazanta. Enjel da duk mai dogon gashin iyo da ke tafiya a hankali za a yage shi. Siklid ɗin tafkin Malawi masu launin shuɗi da ruwan ɗorawa, waɗannan su aka fi yaudarar mutane da su wai ai duk siklid ne, alhali su ruwa mai yawan ma'adinai suke so mai pH (ma'aunin tsamin ruwa) wajen 8, yawancinsu gansakuka suke ci, abincin Oska mai yawan furotin yana kumbura musu ciki, kuma sun fi shi zafin nama su yi ta gutsurar jelarsa. Siklid masu zafin faɗa irin su filawahon da red debil da jaguwa kashe shi za su yi ko su nakasa shi. Jan siklid ɗin nan na rafukanmu mai ɗigon shuɗi, Hemichromis, ƙarami ne amma in ya yi ƙwai babu wanda yake ragawa. Tarwaɗa da karfasa kuwa ka bar su a kududdufin kiwo, tarwaɗa za ta wuce kowa girma ta fara farauta da dare.

Mataki na 5: killace sabon kifi

Duk kifin da ka sayo ya yi sati uku zuwa huɗu a tankin killacewa da filtar sosonsa da komarsa daban. Kana duban fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, gogar jiki da dutse, naɗe gashin iyo, farin kashi mai tsawo, numfashi da sauri. Wanda aka kamo daga kogi ko dam, irin su ƙurungu, shi ya fi buƙatar wannan don yana zuwa da tsutsa da ƙwarin jiki.

Mataki na 6: shirya cikin tankin

Manufar ita ce kada kifi ya tsaya a wannan ƙarshen ya hango wancan ƙarshen. Ka jera manyan duwatsu da icce a tsakiya su tsare gani, kogo ya fi adadin masu neman kogo yawa, kuma ka yi wasu da bakinsu zai ɗauki ƙurungu ko fayamaut amma ba zai ɗauki kan Oska ba. Tukunyar ƙasa da aka fasa gefenta aka goge kaifin tana yi. Duwatsu a kan gilashin ƙasa ake fara ajiye su sannan a zuba yashi, don Oska yana tona, in dutse a kan yashi yake zai rufta. Ka bar gaba fili na iyo.

Mataki na 7: haɗa su

Masu sanyin hali su fara shiga, silba dola da ƙurungu, su yi sati ɗaya ko biyu su san maɓoya, Oska ya zo ƙarshe. In kuma shi ya riga zama a tankin, ka ciyar da shi ya ƙoshi, ka sauya wa duwatsu da tukwane wuri gaba ɗaya ya rasa gane iyakarsa, ka kashe fitila, sannan ka saki baƙin. Ledar ta yi minti 15 zuwa 20 tana yawo a saman ruwa zafi ya daidaita, kana ɗan zuba ruwan tanki a ciki, sai ka ɗebo kifin da koma, ruwan ledar a zubar waje. Kada ka zuba kifi da yawa rana ɗaya, filta ba za ta iya ɗauka ba, rukuni ɗaya sai bayan sati biyu wani. Ka yi wannan aikin ranar da kake gida, ba daren da za ka yi tafiya ba.

Mataki na 8: sa ido da raba faɗa

Buɗa kunnuwa da ɗan kora na taƙi ɗaya biyu ba komai ba ne. Shi kansa Oska in an canza masa wuri yakan yi fushi ya kwanta a gefe a ƙasa launinsa ya dushe ya ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu, in gwajin ruwa lafiya ka ƙyale shi zai tashi. Abin da ke nuna an shiga matsala shi ne kifi ya maƙale a kusurwar sama bayan filta, ɓawon jiki ya zube, jela ta yage, ko ya daina fitowa cin abinci. In ka ga haka ka saka ragar raba tanki a ranar, bayan sati ka sake sauya duwatsu ka gwada, in aka koma gidan jiya to ba za su zauna ba, a raba su ɗungurungum.

Wajen abinci Oska handama yake, ka jefa masa nasa a wannan gefen, na sauran a wancan, na ƙurungu mai nutsewa kuma bayan an kashe fitila. Abincin siklid na ƙwaya shi ne tushe, ka haɗa da tana da gyare da fara in ka tabbata ba a yi musu feshi ba. In ya yanke maka, abincin ƙananan tarwaɗa zai riƙe shi na ɗan lokaci, amma yana da maiƙo, kaɗan kaɗan. Kada ka saba masa da ƙananan kifi masu rai, suna kawo cuta kuma kana koya masa farautar abokan zamansa ne.

Duk sati ka canza kashi 30 zuwa 50 na ruwa kana zuƙo ƙazantar ƙasa, naitiret kada ta wuce miligiram 40 a lita. In kana canjin nan amma kafin sati ya cika ta haura, kifin sun fi ƙarfin tankin kenan, ko ka rage ko ka ƙara tanki, don a irin wannan ruwan ne Oska yake kamuwa da ciwon nan da ke huda masa ƙananan ramuka a ka. Lokaci biyu ne zaman lafiya yakan watse ko da an yi watanni ba a ji kansu ba: sanda ya kai wajen santimita 15 zuwa 20 bakinsa ya buɗe, da kuma sanda biyu suka fara share saman dutse suna kama bakin juna, alamar za su yi ƙwai ne, a nan kowa abokin gaba ne, ka kwashe sauran ko ka sa raga. Wanda ka cire ka mayar wa mai shago ko ka ba wani mai babban tanki, kada ka kai shi dam ko rafi, a Filorida ta Amurka sakin da aka yi ne ya sa Oska ya zama ɗan gari a magudanan ruwansu yana hayayyafa.